Wankin da Aka Yi wa Saniyar Inna

Har yau in na biyo ta bakin kasuwar shanu a keke napep, kau da kai nake yi daga wata rumfa mai shuɗin fenti, don in na kalle ta abincin ranar ma fita kaina yake yi. Mai rumfar yana nan da ransa da lafiyarsa, har tumbi ya ajiye. Dakta ake ce masa. Ban san wanda ya naɗa shi ba. Ni dai na san shi yana tallan maganin ɓera a faranti, daga nan ya koma na tsutsar awaki, sai kawai aka wayi gari ya sa farar riga ya rataya abin awon ƙirji a wuya, abin da ban taɓa ganin ya ɗora a jikin wata dabba ba. Shi da yayana ne suka haɗu suka raba mahaifiyarmu da saniyarta ta ƙarshe, kuma har gobe babu wanda ya san ya yi laifi a cikinsu. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Inna ta gaji 'yan shanu daga mahaifinta, suna hannun ƙaninta a wani ƙauye ta wajen Nangere. Bayan rasuwar babanmu aka riƙa zarar su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tafi a rufin ɗaki, wata a jinya, amma yawancinsu karatuna ne ya cinye su. Ni ce auta, ni kaɗai ce kuma na je jami'a a gidanmu. Kiwon dabbobi na karanta, har na zurfafa a ɓangaren haihuwarsu. Lokacin da na dawo Potiskum na sami koyarwa a wata makarantar 'yan mata, saniya ɗaya ta rage. Kawu ya tsufa, gwiwa ta hana shi bin dabba, sai ya aiko mana da ita. Irin shanun nan ce da ake kira Wadara, ja, gajeriya, mai ƙananan ƙaho, ga taurin kai kamar me. Aka kafa mata turke a bayan ɗakin girki a gidanmu na unguwar Dogo Tebo.

Ta haihu sau biyu a ƙauye, duka maza, duka an sayar. Abin da Inna take so bai wuce ɗaya ba: ta ga maraƙa mace a gindin saniyar nan, kada irin shanun mahaifinta ya ƙare a hannunta. Ba ta taɓa zaunar da mu ta faɗa ba. A wajen saniyar nake ji, in ta kai mata dusa da safe tana yi mata hira da Bolanci, yaren da ba ta yi da kowa a gidan sai in ranta ya ɓaci ƙwarai ko ya yi fari ƙwarai.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Yana da shagon kayan gini a unguwar Hausari, gidansa ma yana can, amma kullum da safe sai ya zo ya gaishe ta ya sha koko. Tun da Baba ya rasu maganarsa ce magana. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, shi ke kawo hatsi, shi ke sayen harawa. Sai dai mutum ne da in ya ce bango fari ne, ko da gawayi aka shafe shi fari ne. Inna kuwa tana yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta musu da shi. In tana da magana sai ta dubi bango ta ce da ni, "Auta, gaya wa yayanki kaza," alhali ga shi zaune a gabanta yana ji.

Ranar da saniyar ta fara neman bijimi, da kuka ta tashe mu, tana zagaye turke, yauƙi yana bin wutsiyarta. Yaya ya ce zai kai ta wajen wani dattijo da ke da bijimi a bayan gari, ta hanyar Nangere. Na tafi makaranta cikin farin ciki. Da na dawo da la'asar, tun daga zaure na ji gidan yana warin asibiti. Na leƙa baya, sai na ga wutsiyarta da cinyoyinta sun rine da wani abu ruwan ƙasa, ita kuma ta lanƙwasa baya tana ta yunƙuri.

Na ce, "Yaya, me aka zuba mata?"

"An wanke ta," in ji shi, yana murmushin wanda ya gama aiki. "Bijimi na sauka na biya da ita wajen Dakta. Ko zama ban yi ba."

A nan na fara jin wannan al'ada, wadda ashe ta kafu a garin ina can ina karatu. Akwai ciwon da ake kira bakkale mai sa shanu ɓari, kuma mutane suna tsoron bijimin da ke hawan shanun kowa da kowa, kada ya ɗebo cuta ya sauke a kan tasu. Tsoron yana kan hanya. Sai Dakta ya ƙago masa magani daga cikin kansa: da an gama barbara a garzayo da saniya rumfarsa da zafi-zafi, ya dama aidin da ruwan rijiya a galan, ya zura robar ƙarin ruwa ta bayanta har ciki, ya ɗura. Wai datti ya fita, iri ya zauna. A ganinsu da bijimi ya sauka ciki ya shiga, an gama, kamar an zuba gero a buhu an ɗinke baki.

Alhali ko farawa ba a yi ba. Ba haddar littafi nake ba, da idona na gani. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikina shi ne in je kwata da sassafe in karɓo mahaifar shanun da aka yanka, in ware wani siririn bututu da ke tsakanin mahaifa da gidan ƙwai, kaurinsa bai fi na tsinken ashana ba. Bututun ƙwai muke ce masa. A cikinsa ne maniyyi da ƙwai suke gamuwa, ba a mahaifa ba. Lokacin da saniya take tsaya wa bijimi, ƙwan bai ma fito ba, sai neman ya lafa da kusan rabin yini sannan yake saukowa. Maniyyin kuwa can baya aka zuba shi, doguwar tafiya ce a gabansa. Sai an ɗauki sa'o'i kafin 'yan kaɗan daga ƙwayoyinsa su tsallake bakin mahaifa, su ratsa ta, su isa ƙofar bututun. Waɗanda suka isa ba a barinsu su yi ta yawo. Kowace ƙwaya ta taho da wani sinadari, furotin, a kanta daga ruwan bijimi, bangon bututun kuma yana da nasa furotin da ke cafke wancan, sai kan ya manne. A mannen nan ake raya ta, a hana ta gajiya, a hana ta nuna kafin lokaci, kamar baƙon da aka tsayar a zaure aka ba shi ruwa har masu gida su kintsa. In ƙwai ya kusa, sai ruwan bututun ya canza, wasu furotin ɗin su lulluɓe ƙwayoyin, mannen ya kwance, a riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan don kada su yi wa ƙwan rubdugu. Na sha zama a gaban na'urar ƙara girma ina kallonsu, kawuna a kafe, wutsiyoyi suna kaɗawa, har a ce in tashi haka nan za a rufe ɗaki. Wannan tsari Allah ya shirya a cikin saniya, sai ga mai maganin ɓera ya tare shi da galan ɗin aidin tun ba a je ko'ina ba.

Na fara yi wa Yaya bayani. Ban yi nisa ba na ambaci maniyyi, sai ya dire kofin da ke hannunsa.

"Ke! A gaban Inna? Ashe abin da aka sayar da shanu kika je kika koyo ke nan, batsa?"

"Ba batsa ba ce, Yaya, karatu ne. Ruwan nan kashe su yake yi tun ba su..."

"Budurwa da ke, ko aure ba ki yi ba, kina kiran wannan abu gatsal a tsakar gida. Tashi ki ba ni wuri, Furofesa."

Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ni kuwa aka bar ni tsaye a tsakar gida. Shanun gidan nan aka sayar don in san wannan abu, ranar da sanin ya zo da amfani kuma sai ya zama abin da bai halatta ya fito daga bakina ba. Da namiji ne ya faɗa, da an shimfiɗa masa tabarma.

Bayan kamar mako uku saniyar ta sake tashin mu da kuka, kamar yadda na san za ta yi. Wannan karon na yi dabara. Na tari Yaya a zaure inda Inna ba ta ji, na bar waccan kalmar, na ce iri, na ce hanya, na ce masauki, na lallaɓa shi kamar yaron da ake so ya sha magani. Ya ce ya ji. Jin nasa ke nan, ya kwance igiya ya tafi. Asabar ce, ba makaranta, zuciyata kuma ta ƙi kwanciya, sai can da hantsi na tari keke napep na nufi kasuwar shanu.

Na iske har sun dawo daga wajen bijimi. An ɗaure ta a jikin wani ƙarfe, Dakta yana juya ruwansa da sanda. Wurin cike da maza, dillalai da masu shayi da 'yan zaman kashe wando, ni kaɗai ce mace.

Na ce, "Dakta, don girman Allah kada ka zuba mata. In ma dole sai an wanke, a bari sai jibi, lokacin abin da ake nema ya riga ya haye can sama inda ruwanka ba ya kaiwa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi dariya. "A'a, Hajiya Malama ce da kanta! A ba ta benci. Jibi? Ai kafin jibi cuta ta yi gida ta yi katanga. Ku tiyori kuka sani, mu kuwa firaktikal muke yi. Jama'a, shanu nawa na wanke suka haihu? Ku faɗa mata."

Suka ɗauka baki ɗaya, wannan ya ce tasa, wancan ya ce ta ƙaninsa. Kuma ba ƙarya suke yi ba, abin haushin ke nan. Wanda ya taho daga ƙauye mai nisa, sai washegari yake isowa rumfar, aiki ya riga ya yi nisa. Wani kuma ana wankewa zai mayar da tasa cikin garke, bijimi ya sake hawanta da yamma ba tare da ya nemi izinin Dakta ba. Waɗannan su ke haihuwa, a yaba wa Dakta. Wadda aka wanke da zafi-zafi aka mayar turke ita kaɗai a cikin gari, irin tamu, ita ce ba ta ɗauka, sai a ce laifinta ne. Na so in faɗi haka, amma Yaya ya matso kusa da ni, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ya ce a hankali, "Wuce gida." Ban wuce ba. A gabana aka zura robar, a gabana aka ɗaga galan, saniyar ta saki wani nishi da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Karo na uku warin kawai na tarar. Daga nan kalmar juya ta shigo gidanmu. Dakta ne ya fara faɗa, Yaya ya kawo ta tare da buhun dusa ya sauke a tsakar gida. Saniyar da ta haihu sau biyu, wai juya! Ga bazara ta yi tsanani, harawa ta yi wuya, Yaya ya fara cewa ba za a yi ta ciyar da dabbar da ba ta da amfani ba. Inna tana ji, na kuma lura ta rage cin abinci.

Safiyar da saniyar ta sake kuka, Yaya yana Kano wajen sarin kaya. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta sai ga Inna a ƙofar ɗakina tana kallon ƙasa. Hausar Inna ba ta raba mace da namiji, kowa shi ne a wajenta.

"Auta, abin nan da kin faɗa rannan. In ba a wanke shi ba, zai zauna?"

Ashe duk ta ji daga cikin ɗaki. Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

"To ɗauko igiya."

Mu biyu muka ja ta, ko in ce ita ta ja mu. Tsohuwa da mayafi a gaba, malamar makaranta da takalmin zuwa aiki a baya riƙe da tsumagiya, jar saniya a tsakiya tana kuka tana neman shiga kowane lungu. Masu keke napep suna ta danna mana hon, wani ya leƙo ya ce, "Hajiya, shata ne ku uku?" Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Dattijon mai bijimi ya yi mamakin ganinmu amma bai tambayi komai ba. Na roƙe shi ya bar ta tare da bijimin har la'asar, ya bari. Muka zauna a inuwa, Inna tana cin goro tana ba ni labarin kakar saniyar nan, wadda ta taɓa korar mai karɓar jangali har cikin rijiya mara ruwa. Da yamma muka dawo ta bayan gari, muka yi nesa da kasuwa. Washegari ina gaban allo ina koyar da takin zamani, amma hankalina yana can cikin wani bututu mai kaurin tsinken ashana, ina ta addu'ar Allah ya sa an karɓi baƙi a zaure.

Inna ta ce kada in gaya wa Yaya. Ban kuwa gaya masa ba.

Mako uku ya zo ya wuce, ba kuka. Kowace safiya sai na je na ɗaga wutsiyarta na duba, ba yauƙi. Tana cin abincinta, ta kwanta tana tuƙa, idonta a lumshe. Wani makon ya sake wucewa, da wani bayansa. Inna ta fara ƙara mata kanwa a ruwa, hirar Bolancin kuma ta ƙara tsawo. Duk wanda ya san shanu ya san abin da ake fata in saniyar da aka kai wa bijimi ta daina nema. Ban taɓa kawowa a raina cewa wannan shirun da muke murna da shi za a juya ya zama wuƙa ba.

Yaya ya zo shan koko wata safiya, ya leƙa baya ya dawo ya ce, "Kun gani ko? Yanzu ko neman ma ta daina. Dakta ya ce haka juya take yi in ta kai ƙarshe, bushewa take yi. Gara a fitar da ita tun da sauran nama a jikinta."

Na cika na yi fam, na kasa riƙewa. "Ba bushewa ta yi ba, Yaya, ciki ne da ita. Mun kai ta kana Kano, ba a wanke ta ba."

Na zaci zai yi mamaki. Ko gezau bai yi ba.

"Na sani. Kina tsammanin akwai abin da za a yi a garin nan ban ji ba? Ina tsakiyar kasuwa aka bugo min waya, wai ga mahaifiyarka can tana jan saniya a titi kamar ba ta haifi namiji ba. Ke kika ja min wannan."

A lokacin na gane ba maganar harawa ake yi ba. Duk da haka na sauke murya, na roƙe shi. Na ce ya ba ni ɗan lokaci kaɗan. Akwai abokin karatuna likitan dabbobi a Damaturu, ya ce zai zo ya sa hannu ya duba, amma yanzu cikin ya yi ƙanƙanta, a ɗan ƙara haƙuri. Na ce in aka duba ba komai, ni da kaina zan ja ta zuwa kasuwar shanu.

"Wanda Dakta ya gyara sau uku bai zauna ba, sai naku na mata ne zai zauna?"

Na juya wajen Inna. "Inna, saniyarki ce fa. Ba tasa ba ce, ba tawa ba ce. Ki yi magana."

Ta daɗe tana kallon bango. Na ga leɓenta yana motsi, har na sa rai. Sai ta ce, "Gaya wa yayanki ya yi yadda ya gani."

Wallahi a ranar na tsani wannan kunyar, na tsani duk wanda ya fara ƙirƙiro ta. Matar da ta ja saniya ta ratsa gari ido na ganin ido, ta kasa ɗaga kai ta ce wa ɗan da ta haifa a'a. Mutane suna yabon irin wannan kawaici, su ce tarbiyya ce. Su zo su ga abin da ya ci mana.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, ina makaranta ina tsaron jarrabawa. Da na dawo na tarar da igiya a ƙasa da sauran dusa a kwano. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Na tambaye ta ko lodin kudu aka yi da ita, ta ce a'a, wani mahauci ne na cikin gari ya saya. Da ta kwatanta shi na gane shi, 'yarsa ɗalibata ce.

Da gari ya waye ban tsaya karin kumallo ba, na ɗauki kwanon silbar da nake zuwa makaranta da abinci na nufi kwata. Na makara. Fatarta na fara gani a shimfiɗe, ja, ba za ta ɓace min ba ko a cikin dubu. Mahaucin ya taso da fara'a yana Malama lafiya, na ce mahaifar saniyar nan nake so. Ya ɗauka aikin makaranta ne, ya tono ta daga cikin tarkacen da za a zubar ya miƙo min, ya ara min wuƙa.

Na tsuguna a bakin kwalbati. Mahaifar saniya reshe biyu gare ta, na dama ya ɗan fi na hagu cika. Na bi bututun ƙwan da yatsa, sumul, lafiya ƙalau, babu toshewa babu kumburi, ya yi aikinsa kamar yadda aka halicce shi. Na tsaga reshen a hankali. Sai ga 'yar jaka mai ruwa garau kamar ƙwan kurciya, a ciki kuma ga shi nan, bai wuce gyaɗa mai ƙwaya ɗaya ba, kai a sunkuye, ɗigon ido baƙi, 'yan tsirin ƙafafu huɗu. Ko mace ce ko namiji, bai kai a gane ba. Ban yi kuka ba. Na sa shi a kwano na rufe, na ce yau Yaya zai gani da idonsa, daga nan in wuce rumfa mai shuɗin fenti in ajiye shi a kan teburin a gaban kowa, in ga wanda zai sake ce min tiyori.

Na riga Yaya isa gida. Inna tana tsakar gida ta gama dama koko. Na durƙusa a gabanta na buɗe kwanon. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta janye. Ta yi wata magana da Bolanci ƙasa-ƙasa wadda ban ji ba, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba.

Na ce, "Yanzu zai zo. Zan nuna masa."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. "Saniya ya riga ya tafi, Auta. In kin nuna masa wannan, ba zai iya sake shigowa gidan nan ba. Na san abin da na haifa."

"Inna, to shi ke nan? Ya tafi a banza? Gobe ma a wanke ta wani?"

A daidai lokacin muka ji sallamarsa a zaure. Ta mayar da murfin kwanon, ta tura shi ƙarƙashin kujerarta, ta saki zanenta a kai, ta goge fuska da gefen mayafi. Hannunta ɗaya kuma ya kama wuyan hannuna, riƙon da ban san tsohuwa tana da ƙarfinsa ba.

Yaya ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a tabarma ya jawo kofinsa. Ya ce an yi sa'a mahaucin bai yi gardama ba, ya ce gara da aka rabu da ita, juya sai cin harawa. Ya ce in damina ta yi kyau zai nemo wa Inna tunkiya. Inna tana kallon bango ta ce, "Gaya wa yayanki Allah ya yi albarka." Farcenta yana nutsewa a fatata. Maganar tana nan a bakina, kwanon yana nan kusa da ƙafata, bai fi in miƙa hannu ba. Na dubi Inna, na dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, na haɗiye, kuma har yau abin bai wuce min a wuya ba.

Ya kurɓi kokon ya ce ba sukari. Ni ce na tashi na ɗauko masa.